Tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka fahimta: daga ina daɗin littafin binciken kisan kai na matasa yake fitowa?

0. Gabatarwa

A zaman yau da kullum, wanda aka ruɗa fushi yake yi. Amma mai karanta littafin binciken kisan kai yakan yarda a yi ta ɓatar da shi har tsawon shafi 300 ko fiye, in ya kai ƙarshe kuma ya ga inda aka yi masa dabara, sai ya rufe littafin da murna, ya shiga neman wani irinsa. Wannan ɗan rubutu yana neman bayyana dalilin haka ta fuskar kimiyyar harshe. Ra'ayin da za mu kare shi ne: gwanin marubuci a wannan fanni ba ya yi wa mai karatu ƙarya. Jimloli na gaskiya yake jera masa, ya bar shi ya ƙarasa ma'anarsu da kansa, shi kuwa ya ƙarasa ta ba daidai ba. Daɗin yana zuwa ne sa'ad da mai karatu ya waiwaya ya gane cewa shi ya ɓatar da kansa, alhali komi yana gabansa.

Za mu dogara da littattafai biyu da aka rubuta da Ingilishi domin matasa masu shekara kamar 12 zuwa 18. Na farko shi ne One of Us Is Lying na Karen M. McManus, Ba'amurkiya, wanda ya fito a 2017, aka fassara shi da Faransanci da sunan Qui ment ? Na biyu shi ne A Good Girl's Guide to Murder na Holly Jackson, ƴar Ingila, wanda ya fito a 2019, aka fassara shi da sunan Meurtre mode d'emploi. Za mu kuma waiwayi wani littafin Agatha Christie na 1926 domin kwatance. Misalan da muka sa wa lamba duk namu ne, ba daga littattafan aka ciro su ba. Muna sanar da mai karatu tun yanzu cewa nazarin ba ya yiwuwa sai an tona ƙarshen labaran.

1. Labari biyu a cikin littafi ɗaya

Akan danganta asalin wannan fanni da gajeren labarin Edgar Allan Poe na 1841 game da kisan da aka yi a titin Morgue na birnin Paris, sannan da littattafan Émile Gaboriau a Faransa da na Conan Doyle a Ingila. Reshen da ya shafe mu shi ne wanda Faransawa suke kira roman à énigme. Mu za mu kira shi labarin ƙulli, domin ƙulli ake yi a farko, a kwance shi a ƙarshe.

A wata maƙala ta 1966, wadda aka sake bugawa a Poétique de la prose a 1971, Tzvetan Todorov ya nuna cewa labarin ƙulli labari biyu ne a haɗe. Akwai labarin laifi, wanda ya riga ya ƙare kafin a buɗe littafi, mai karatu bai halarce shi ba. Akwai kuma labarin bincike, wanda shi ne ke gabanmu shafi bayan shafi, aikinsa kawai ya kai mu ga na farkon. Ga mai nazarin harshe, ma'anar wannan rabo a fili take: labarin farko ba ya isowa gare mu sai ta bakin mutane. Wane ya ce ya gani, wance ta ce ta ji, wata takarda ta nuna kaza. Ke nan kayan aikin mai bincike da na mai karatu duk zance ne.

Tun da wuri marubutan fannin suka sa wa kansu doka game da wannan zance. A 1928 S. S. Van Dine ya wallafa ƙa'idoji 20, a 1929 Ronald Knox ya fito da guda 10. Abin da suka haɗu a kai shi ne adalci: duk alamar da mai bincike ya samu, dole a nuna wa mai karatu ita. Wannan doka ita ce ta haifar da matsalar da muke nazari. In an wajabta wa marubuci ya faɗi komi, ta yaya zai ɓoye mai laifi har shafi na ƙarshe?

2. Abin da ya bambanta na matasa

Waɗanda suka yi lakkol da Faransanci sun san littattafan bincike na yara, irin su Le Club des Cinq na Enid Blyton, wanda asalinsa na Ingilishi ya fara fitowa a 1942, da jerin Alice, wato Nancy Drew ta Amurka, wadda ta fara a 1930. A cikinsu galibi sata ce, ko fasa-ƙwauri, ko dukiyar da aka binne. Littattafan da muke magana a kai sun wuce nan: akwai gawa, kuma mamacin da waɗanda ake zargi ƴan lise ne.

A littafin McManus, an tsare ɗalibai biyar a aji bayan tashi domin horo. Ɗaya daga cikinsu, Simon, wanda yake da wata manhajar waya ta tona asirin ƴan makarantar, ya sha ruwa a kofin da aka sa wa man gyaɗa, alhali jikinsa ba ya jure gyaɗa, ya mutu. Sauran huɗun, Bronwyn da Addy da Nate da Cooper, kowa yana da asirin da Simon ya shirya bazawa. Su huɗun ne suke ba da labarin bi da bi, kowa da bakinsa.

A littafin Jackson, wata ɗaliba mai suna Andie Bell ta ɓace a 2012 a wani ƙaramin garin Ingila. Bayan ƴan kwanaki aka tsinci gawar saurayinta, Sal Singh, a daji, kuma an aika saƙon amsa laifi daga wayarsa. Gari da ƴan sanda suka yanke cewa shi ya kashe ta, sannan ya kashe kansa. Bayan shekara 5, wata ɗaliba mai shekara 17, Pip, ta ɗauki maganar a matsayin aikin bincike na makaranta, tare da Ravi, ƙanen Sal.

Abin lura shi ne matsayin mai binciken. Komisa yana da ikon kamu, da ikon binciken gida, da likitan da zai duba gawa. Ƴar lise ba ta da ko ɗaya. Abin da ke hannunta tambaya ce da kunne, kuma kowa yana iya ƙin amsa mata. Shi ya sa Jackson ta cika littafinta da hirarrakin da aka rubuta kalma bayan kalma, da saƙonnin waya, da taswira, da littafin aikin Pip inda take jera waɗanda take zargi. An miƙa wa mai karatu ɗanyen bayani, kamar yadda ake miƙa wa ɗalibin kimiyyar harshe zancen da aka naɗo daga bakin mutane a ce ya yi nazari. Rashin ikon mai bincike shi ya sa harshe ya zama kusan dukan shaidar da ake da ita.

3. Shimfiɗar zance

Dabara ta farko ita ce abin da Oswald Ducrot ya yi nazari a maƙalarsa ta 1969 da kuma littafinsa Dire et ne pas dire na 1972, wato présupposé. Za mu kira shi shimfiɗar zance: abin da jimla take zaune a kansa ba tare da ta kawo shi gaban mai sauraro don ya yarda ko ya ƙi ba. Ana gane shi da cewa korewa da tambaya ba sa taɓa shi:

(1) Isufu ya daina zuwa gidan.
(2) Isufu bai daina zuwa gidan ba.
(3) Shin Isufu ya daina zuwa gidan?

Duka ukun suna zaune a kan abu ɗaya: dā Isufu yana zuwa gidan. Wanda ya amsa (3) da i ko a'a ya riga ya karɓi wannan shimfiɗa.

Hausa tana nuna shimfiɗa a jikin lamirin lokaci. A dubi waɗannan:

(4) Sun gan ta.
(5) Su wa suka gan ta?
(6) Maƙwabta ne suka gan ta.

A (4) ganin shi ne sabon labari, don haka aka yi amfani da shuɗaɗɗen lokaci na I. A (5) da (6) ganin ya zama abin da aka riga aka yarda da shi, saura kawai a san su wane ne, don haka lamiri ya koma shuɗaɗɗen lokaci na II: suka, aka, muka, ko sunka, anka, munka a Hausar yamma, kamar ta Adar da Gobir. Ba a cewa "Su wa sun gan ta?". Ke nan duk tambayar da ta fara da wa, me, ina, yaushe, tana ɗauke da nata kaya a ɓoye.

Littattafan biyu an gina su ne a kan shimfiɗar ƙarya, kowane ta fuskar da ta saɓa wa ɗayan. A na McManus, tambayar da ƴan sanda da ƴan jarida da mai karatu suke yi ita ce wa ya kashe Simon. Tambayar tana shimfiɗa cewa an kashe shi, kuma aikau daban ne da karɓau, domin da mutum ɗaya ne da an ce ya kashe kansa. A ƙarshe sai ta bayyana Simon ne ya shirya mutuwar tasa, da taimakon wasu ɗalibai biyu, don laifi ya faɗa kan huɗun nan. Sunan littafin ma yana taya ɓatarwa: ya ce ɗaya daga cikinmu yana ƙarya, mai karatu ya ƙidaya masu ba da labari huɗu, ya manta da na biyar da ke cikin ajin.

A na Jackson, tambayar gari ita ce me ya sa Sal ya kashe Andie. Ba a ga gawarta ba, ba a yi shari'a ba, amma yawan maimaita tambayar ya mayar da shimfiɗarta gaskiyar da ba a taɓawa, iyalin Singh, waɗanda asalinsu Indiya ne, suka zama abin ƙyama a garin. Aikin Pip na farko shi ne ta ciro shimfiɗar ta mayar da ita tambaya: shin Sal ya kashe ta? Sai aka gano shi kansa kashe shi aka yi, kuma wani malamin makarantar ne ya yi. Sannan akwai shimfiɗa ta biyu da mai karatu yake yi wa kansa, cewa mutuwa biyu hannu ɗaya ne. Nan ma ba haka ba ne: mutuwar Andie tana wuyan ƙanwarta. A littafin farko abin da aka ɗauka kisa ne ya zama kashe kai, a na biyu abin da aka ɗauka kashe kai ne ya zama kisa. A duka biyun, tambayar ce ta rufe hanya.

4. Ma'anar tsinkaye

Dabara ta biyu ta fito daga aikin H. P. Grice, laccocin da ya gabatar a Harvard a 1967, waɗanda aka buga wani sashensu a 1975, aka fassara shi da Faransanci a mujallar Communications a 1979. Grice ya ce masu zance suna ɗaukar juna a matsayin abokan aiki, kuma mai sauraro yana zaton mai magana yana kiyaye ƙa'idoji huɗu: ya ba da bayani gwargwadon buƙata, ya faɗi abin da ya yarda gaskiya ne, ya faɗi abin da ya shafi zance, ya faɗe shi a fili kuma a jere. Daga wannan zato ne mai sauraro yake tsinkayo ma'anar da ba a furta ba. Grice ya kira ta implicature, tana kusa da abin da Ducrot ya kira sous-entendu. Mu za mu ce ma'anar tsinkaye.

(7) Jandarma: Ina kika je daren Laraba?
Habsu: Na je gidan biki, bayan sallar isha'i na dawo gida.

Mai sauraro zai fahimci cewa gidan biki kaɗai ta je, daga can gida ta nufo, kuma ba ta sake fita ba. Habsu ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin ukun ba. In daga baya aka gano ta biya ta wani wuri, tana iya cewa ba ta yi ƙarya ba, kuma ta yi gaskiya. Wannan shi ne bambancin ma'anar tsinkaye da shimfiɗar zance: shimfiɗa tana manne da kalmomin jimla, mai magana ba ya iya gudunta, tsinkaye kuwa nauyinsa yana kan mai sauraro.

Marubucin labarin ƙulli yana riƙe ƙa'ida ta biyu, wato ta gaskiya, da ƙarfi, yana wasa da sauran ukun. Misali mafi shahara shi ne The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie, na 1926, wanda fassararsa ta buɗe jerin littattafan Le Masque a Faransa a 1927. Mai ba da labarin, likita Sheppard, shi ne ya yi kisan. Ya gaya mana an kawo wa Ackroyd wasiƙa da ƙarfe 8 da minti 40, ya gaya mana ya bar ɗakin da ƙarfe 8 da minti 50. Duka biyun gaskiya ne. Abin da ya faru a cikin minti 10 ɗin ne bai faɗa ba, mai karatu kuma ya ɗauka ba abin da ya faru da ya isa a faɗa, domin haka ƙa'idar yawan bayani ta koya masa. Gérard Genette, a Figures III na 1972, ya kira irin wannan tsallake paralipse: mai ba da labari ya san abu, matsayinsa ya wajabta masa faɗa, ya ratse ta gefensa.

McManus ta ninka wannan dabara sau huɗu. Masu ba da labarinta suna magana da ni, muna cikin kansu, duk da haka kowa yana ratse asirinsa na ɗan lokaci. Cooper yana hulɗa a ɓoye da wani mai suna Kris, sunan da a Ingilishi mace da namiji duk suna ɗauka. An bar mai karatu ya zaci mace ce, daga baya ta bayyana namiji ne. Za mu koma kan wannan a sashe na 6.

A littafin Jackson akwai misalin da ya nuna tsinkaye yana iya yin aiki ta hanya mai kyau. Abokan Sal huɗu sun gaya wa ƴan sanda ya bar su da ƙarfe 10 da rabi na daren da Andie ta ɓace. Pip ta samu wani hoto da aka ɗauka bayan tsakar daren, duka huɗun suna ciki. In huɗun suna gaban kyamara, to akwai na biyar a bayanta. Shaidar tana cikin abin da hoton bai nuna ba. Wanda ya saba tambayar kansa me aka bari ba a faɗa ba, shi ne yake kama irin wannan.

5. Salon rubutu a matsayin shaida

Akwai wuri ɗaya da littafin Jackson ya shiga gonar masana harshe kai tsaye. Da Pip da Ravi suka duba wayar Sal, sai suka lura cewa saƙonninsa na yau da kullum ba ya sa musu aya da sauran alamomin rubutu, amma saƙon amsa laifin yana da su. Abin da saƙon ya faɗa yana nuna Sal, yadda aka rubuta shi yana nuna wani.

Wannan ba ƙagen marubuciya ba ne kawai. A 1968 Jan Svartvik ya yi nazarin bayanan da aka ce Timothy Evans ya ba ƴan sandan Ingila, mutumin da aka rataye a 1950 aka kuma yi masa afuwa a 1966 bayan mutuwarsa. Svartvik ya nuna sassan bayanan da suka ɗora masa laifi ba su da ginin jimla iri ɗaya da sauran. Daga wannan aiki ne fannin nazarin harshe domin shari'a ya samu sunansa. A 2008 kuma, a wata shari'ar kisan kai a arewacin Ingila, Malcolm Coulthard ya ba da shaida cewa saƙonnin da aka aika daga wayar yarinyar da ta ɓace sun saɓa wa yadda ta saba rubutu. Dole a yi hattara: saƙo ɗaya gajere ba ya isa hujja, kuma mutum yakan canza salo in yana cikin tashin hankali. A littafin ma, alamar ba ta tabbatar da komi ba, ƙofar shakka kawai ta buɗe.

6. Abin da nahawun Hausa yake ɓoyewa da abin da yake tonawa

Tunda dabarun nan a cikin harshe suke, kowane harshe yana da nasa wuraren ɓuya da nasa tarkuna. Wanda zai fassara irin waɗannan littattafai zuwa Hausa, ko ya rubuta nasa, yana buƙatar sanin su.

Wajen ɓoye aikau, Hausa tana da wadata:

(8) Tulu ya fashe.
(9) An fasa tulu.
(10) Fasa tulun aka yi.
(11) Ƙofa ta rufu.

A (8), aikatau ɗan aji na 4 a tsarin F. W. Parsons na 1960, ba a ma nuna akwai hannun mutum ba. A (9) akwai mutum, amma an bai faɗi jinsinsa ko adadinsa ba, kuma yana iya zama mai maganar da kansa. A (10) an ƙarfafa cewa aikin wani ne, har yanzu ba suna. A (11), aji na 7, hankali yana kan abin da aiki ya faɗa wa, ba wurin da za a sa aikau. Jimlar Faransanci irin ta la porte a été fermée tana iya karɓar par ta ambaci wanda ya yi, amma an na Hausa ba ya karɓar haka. Mai ba da labarin da yake da laifi zai iya cewa an rufe ƙofa da ƙarfe 9, bai yi ƙarya ba, bai kuma tona kansa ba.

Wajen jinsi kuwa, Hausa tana da saurin tona asiri. A mutum na biyu, ka zo da kin zo sun riga sun faɗa, alhali Ingilishi ba ya bambantawa. A mutum na uku, Faransanci yana da mafaka biyu da Hausa ba ta da su: son téléphone yana bin jinsin waya ne, amma Hausa dole ta ce wayarsa ko wayarta, je lui ai dit bai faɗi komi ba, amma Hausa dole ta ce masa ko mata. Haka l'assassin yana rufe mace da namiji, mu kuwa muna da makashi da makashiya. Ko an ce mai kisan, aikatau na gaba zai nemi ya ko ta. A mutum na ɗaya ne abin ya juya: na fita bai nuna jinsi ba, je suis sortie a rubuce ya nuna. Amma da zarar dirka ta shigo, ni ne ko ni ce, asiri ya tonu. Don haka dabarar Kris tana da wuyar riƙewa a Hausa. Mai fassara zai dogara da maimaita suna, da an, da jam'in mu, da jimlolin da ba su da aikatau, kuma in ya yawaita, kunnen Bahaushe zai ji ana kewaye-kewaye.

Akwai wata riba a nan. Tambayar "Wa ya kashe ta?" tana ɗaukar ya ne ko ba a san jinsi ba. Nahawu bai ce namiji ne ba, amma zuciyar mai karatu takan hango namiji. A labari irin na Jackson, inda ƙanwa ce a ƙarshen zare, Hausa tana taya marubuci ɓatarwa kyauta.

Sai ƙananan kalmomi biyu, wai da ashe. Wai tana nuna mai magana jiyau ne, ba ya ɗaukar nauyin zancen. Ashe tana nuna an tarar da gaskiyar da ba a zata ba. Shaidun labarin ƙulli da wai suke magana, kuma yadda jita-jita take zama hukunci a gari irin na Pip shi ne a hankali wai ɗin ta faɗi daga jimla. Mai bincike yana mayar da ita wurinta, har a kai babin ƙarshe, wanda shi ne babin ashe.

7. Karatu na biyu

In ra'ayinmu daidai ne, to sanin mai laifi ba zai kashe daɗin littafi gaba ɗaya ba, domin akwai daɗi na biyu: a koma a ga yadda kowace jimla take da fuska biyu. Christie da kanta ta sa Sheppard ya waiwayi jimlolinsa a babin ƙarshe yana yaba yadda ya tsara su. A 2011 Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld na jami'ar Kalifoniya a San Diego sun gwada wannan da gajerun labarai 12, ciki har da na bincike, suka ga waɗanda aka gaya wa ƙarshe tun farko sun ɗan fi jin daɗin karatu. A 2015 Benjamin Johnson da Judith Rosenbaum sun samu akasin haka da wata hanyar awo. Sakamakon biyu ba su rushe bayaninmu ba. Suna nuna daɗin iri biyu ne, na ɗoki a karatun farko da na ganin gwaninta a karatu na biyu, kuma masu karatu ba su daidaita ba wajen wanda suka fi so.

Wannan kuma yana ba mu ma'aunin rarrabe littafi mai kyau da maras kyau. In a karatu na biyu aka tarar mai ba da labari ya faɗi abin da ba haka ba ne, ko an kawo mai laifi daga waje a babin ƙarshe, mai karatu yakan ji an cuce shi. In kuwa ya tarar kowace jimla tana nan daram, shi ne ya ƙara mata abin da ba ta ce ba, sai ya yi dariya. Haka yaro yake yi in aka ba shi amsar kacici-kacici: siffar da aka ba shi gaskiya ce, tunaninsa ne ya bi wata hanya.

8. Kammalawa

Mun nuna cewa daɗin littafin binciken kisan kai na matasa yana fitowa daga tazarar da ke tsakanin abin da jimla ta faɗa da abin da mai karatu ya fahimta. Mun ga hanyoyi uku: shimfiɗar zance da take shigowa ta cikin tambaya, ma'anar tsinkaye da take fitowa daga yardar mai sauraro da mai magana, da salon rubutu da yake tona mai shi. Mun kuma ga Hausa tana da ƙarfi wajen ɓoye aikau, tana da rauni wajen ɓoye jinsi.

Abubuwa biyu muke ba da shawara a kansu. Na farko, a darasin ma'ana da amfani da harshe, babi ɗaya na irin waɗannan littattafai ya fi misalai goma da malami ya ƙaga, domin ɗalibi yakan faɗa tarkon da kansa kafin a gaya masa sunansa. Ana iya ba shi hira ɗaya, a ce ya raba abin da aka furta, da abin da aka shimfiɗa, da abin da shi ya tsinkayo. Na biyu, ɗaliban da ke neman batun kundi suna iya fassara babi ɗaya zuwa Hausa, su ƙidaya wuraren da nahawu ya tilasta musu faɗin abin da marubuciya ta ɓoye, su bayyana yadda suka fita. Amfanin wannan horo bai tsaya a aji ba. Matashin da ya ga yadda tambaya ɗaya ta hukunta Sal Singh shekara 5 ba tare da alƙali ba, zai fi lura in aka tambaye shi me ya sa wane ya yi kaza, ya fara da tambayar ko wane ya yi.